Mutumin da Yake Gwadawa da Hoton Jiya

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani magidanci, manomi, wanda ya iya wani aiki da babu mai iya shi a duk kewayen nan. Sa'ad da yake saurayi ya zauna a birni, ya yi aiki a shagon ɗaukar hoto, a can kuwa ya koyi yadda ake sa abin da ba shi da rai ya yi tafiya. Ba tsafi ba ne, kada ku zare ido. Ga yadda ake yi: ka tsayar da ɗan mutum-mutumi a kan tebur, ka ɗauke shi hoto. Ka matsar da ƙafarsa kaɗan, ka sake ɗauka. Ka ƙara matsarwa, ka ƙara ɗauka. In aka jera hotunan aka nuna su da sauri, goma sha biyu cikin sakan ɗaya, sai ido ya ga ɗan icce yana takawa da ƙafafunsa.

Mutumin nan yana da tsohon uba, masassaƙi, wanda ya yi shekara hamsin yana fafe turmi da akushi. Bayan rasuwar matarsa tsohon ya rataye gizago, ya ɗauki 'yar wuƙa, ya sassaƙa 'yan mutane biyu, tsawon kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba. Ɗaya namiji ne da fartanya a kafaɗa, ɗayar kuwa mace. Ya yi musu gaɓoɓi da 'yan ƙusoshi, wuya da gwiwa da hannu duk suna lanƙwasawa. Duk wanda ya dubi macen ya san fuskar wa aka sassaƙa, ba sai an gaya masa ba.

Ana nan sai ciwon ido ya kama tsohon. Aka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, ba irin yanar da ake kankarewa ba, kuma an makara. Ya ce ganinsa zai riƙa tsukewa daga gefe, daga sama da ƙasa, har ya rufe gaba ɗaya, abin da ya rage kuwa 'yan watanni ne.

Da suka komo gida tsohon ya kira ɗansa, ya ɗora masa 'yan mutanen nan biyu a hannu, ya ce, “Ɗana, na ji an ce ka iya sa icce tafiya. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa wannan ya dawo daga gona, ka sa waccan ta ɗago kai ta ɗaga masa hannu, yadda uwarka take yi mini daga bakin ƙofa. In gani sau ɗaya, sa'an nan idon ya tafi inda za shi.”

Ɗan ya amsa ya ce, “An gama, Baba.”

Rani ne, gona ba ta neman kowa. Ya share ɗakin ajiya, ya kafa tebur, ya zuba masa yashi da tsakuwa suka zama hanya, ya zana dutse da sararin sama a kwali ya jingina a baya. Ya toshe taga da bargo ya kunna fitilar sola, gama hasken rana yana sauyawa daga safe zuwa yamma, in ka dogara gare shi hotonka zai riƙa ƙiftawa. Ƙafafun 'yan mutanen kuwa ya manne su da kakin zuma, don kada su faɗi a tsakiyar taku.

Wayar da yake da ita tsohuwa ce. Tana ɗaukar hoto lafiya lau, amma ta taɓa faɗuwa, baƙin tabo ya cinye kusan rabin fuskarta daga sama. Hoton da take ɗauka cikakke ne, sai dai mai ɗauka ba ya ganin samansa, ƙasan kawai yake gani. Ranar farko ya ɗauki hoton gwaji, ya juya shi ƙasa ta koma sama, ya duba, ya ga kawuna sun shiga har da sarari a bisansu. Hankalinsa ya kwanta.

Saura abin da zai riƙe wayar. Babbar dokar aikin nan ita ce, wayar ba za ta motsa ba tun daga hoton fari har na ƙarshe. A tsakar gida ga busassun itatuwan ubansa jibge, waɗansu sun shekara bakwai a inuwa, amma sai an fere su an haɗa, aikin kwana biyu ke nan. Ya ɗaga kai ya hangi wani reshen dalbejiya mai lanƙwasa daidai yadda yake so. Ɗan masassaƙi ne fa, cikin ɓawon icce ya yi rarrafe, ya san abin da ɗanyen icce yake yi in ya fara bushewa. Duk da haka ya ce a ransa, “Duka-duka mako nawa ne?” Ya sare reshen, ya kafa shi cikin bokitin duwatsu, ya ɗaure wayar a kansa da robar tayar keke. Ya jona mata igiyar caji da wata igiya mai ɗan maɓalli, yadda zai riƙa ɗaukar hoto ba tare da yatsansa ya taɓa ta ba.

A nan dole a yaba masa, mutumin nan gwani ne. Wanda bai iya ba yakan matsar da ƙafa da yawa, sai ɗan icce ya riƙa zabura kamar wanda kunama ta harba. Shi kuwa ya san cewa mai rai ba ya fara motsi da ƙarfi, ba ya kuma tsayawa farat ɗaya. A farkon taku yakan matsar da ƙafar gwargwadon ƙwayar riɗi, a tsakiya gwargwadon ƙwayar dawa, in ta kusa sauka ya komo ga riɗi. Abin da tabo ya ɓoye masa, wato kai da kafaɗu, da tsinke mai zane-zane yake auna motsinsu. Wayar tana da wata dabara: tana nuna inuwar hoton da ya wuce a bisa wanda za a ɗauka. Da wannan inuwa yake gwada kome. In na yanzu ya hau kan na baya, bambancin bai wuce kaurin gashi ba, sai ya danna maɓalli. Hoto ashirin da huɗu yake ɗauka a yini, wato sakan biyu, ya fito bayansa na ciwo.

Kowace safiya yakan shiga ya dubi inuwar hoton jiya, ya dubi na yau, ya ce, “Daidai.” Reshen kuwa yana can yana shan zafin bazara, yana bushewa, yana sunkuyar da kai kaɗan-kaɗan, wayar tana sunkuyawa tare da shi.

A mako na huɗu matarsa ta kawo masa kunu, ta tsaya a bayansa tana kallon fuskar wayar. Ta ce, “Baban Keziya, da ka fara ai ina ganin mutumin nan har ƙirji a ƙarƙashin tabon. Yau ɗamararsa ma da ƙyar nake gani.”

Ya ce, “Tabon ne yake yaɗuwa.”

“To, bakin tebur fa da ya leƙo daga ƙasa? Da babu shi.”

Ya nuna mata da tsinke ya ce, “Ga na jiya, ga na yau. Nuna mini bambanci.”

Ta ce, “Ni ba na jiya nake faɗa ba. Buɗe na farko mu gani.”

Ransa ya ɓaci. Ya ce, “In na buɗe na farko sai na taɓa wayar, in na taɓa ta ta motsa, aikin wata guda ya lalace. Ke me kika sani a nan? Ajiye kunun ki ja mini ƙofa, kina shigo mini da haske.”

Ta ajiye ta fita. Bayan mako biyu ta sake faɗa, ya yi kamar da bango take magana, daga nan ta kama bakinta. Abin haushi shi ne, tsoron kada wayar ta motsa ne ya hana shi ganin cewa ta daɗe da motsawa.

Tsohon kuwa kowace yamma yakan lallaɓo bakin ƙofar ya tambaya, “Ya kawo ina?” Ɗan ya ce, “Ya fito gona.” Wata rana ya ce, “Ya wuce rafi.” Wata rana kuma, “Ya hango gida.” A kwanakin nan tsohon ya fara juya kansa gaba ɗaya kafin ya sami moɗa a gabansa, ya fara tuntuɓe da kujerar da ya sassaƙa da hannunsa. Bai taɓa cewa a yi sauri ba.

Mako goma aka yi. Ran da hadarin fari ya haɗu, mutumin ya ɗauki hoto na ƙarshe, ya kwance wayar. Matarsa ta ce ya duba tukuna, ya ce a'a, babu idon da zai riga na Baba gani, ko nasa. Ran Lahadi bayan an tashi sujada ya aro babbar talabijin ta maƙwabci, ya jona, ya zaunar da ubansa kusa da ita har numfashinsa yana taɓa gilashin. Su uku ne a ɗakin.

Hoto ya buɗe. Ga dutse, ga sararin sama, ga ɗan manomi da fartanya a kafaɗa. Ya ɗaga ƙafa ya taka, ya sake takawa, sumul, babu zabura, babu tsalle, kai ka ce jini ne yake gudu a jikinsa. Tsohon ya tafa hannu ya yi dariya, irin wadda ba a ji daga bakinsa ba tun ranar jana'izar matarsa. Ya ce, “Kai! Har da ɗingishina ka sa masa!”

Ɗan manomi yana tafiya, sararin sama yana raguwa. Ba wanda zai iya cewa ga inda abin ya fara. Kan dutse ya fita daga hoton, sa'an nan bakin fartanya, sa'an nan hula. Daga ƙasa kuma bakin tebur ya taso, duhun ƙarƙashinsa yana biye. Sa'ad da ɗan manomin ya iso ƙofar gida ba shi da kai. Ga macen tsaye, daga kafaɗa zuwa ƙasa kawai ake ganinta. Kafaɗarta ta motsa a hankali, da kyau ƙwarai, alamar a can sama ta ɗago kai, ta ɗaga hannu. Kan da hannun duk suna waje. Hoto ya ƙare a kan zani da ƙafafu huɗu.

Tsohon ya murza idanunsa, ya ɗaga haɓa, ya sauke, yana neman saman hoton yadda ya saba neman moɗa. Can ya ce a hankali, “Ya rufe daga sama, ko? Yadda likita ya faɗa.” Ya laluba ya kama hannun ɗansa ya ce, “Kada ka damu, ɗana. Kai ka yi naka. Idona ne bai jira ba.”

Kunya ta kama ɗan, har ya ji a ransa cewa in ya yi shiru maganar ta wuce ke nan, laifi ya tafi a kan ciwo. Ya kuwa yi shiru. Matar ce ta durƙusa ta ce, “Baba, ba idonka ba ne. Mu ma ba mu gani ba.”

Sa'an nan ne mutumin ya faɗi a gaban ubansa ya faɗa masa kome, da reshen, da gargaɗin da ya ƙi ji. Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, “Ɗanye ka sa?” Ɗan ya ce, “I, Baba.” Tsohon ya ce, “Na yafe maka. Sake yi.”

Ya sake. Wannan karo da busasshen icce ya haɗa abin riƙe wayar, ya buga shi da ƙusa a bango, kowace Asabar kuma yakan kira matarsa su buɗe hoton farko su gwada. Amma ruwa ya sauka, shuka ba ta jira, noma ba ya jira, abin da yake yi a yini ɗaya ya koma yi a yini biyu. Sai da aka fara yankan gero ya gama. Aikin ya yi kyau, ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Aka sake aro talabijin, aka sake zaunar da tsohon a gabanta, amma wannan karo riƙo shi aka yi har kujera. Irin wannan hoto kuwa ba shi da murya, babu abin da kunne zai kama. Tsohon ya zauna fuskarsa tana duban gefen da ba nan talabijin take ba. Da ya ji numfashin surukarsa ya sauya, sai ya tambaya, “Ta ɗago kai?”

Ɗan ya ce, “Ta ɗago, Baba.”

“Ta ɗaga hannun?”

“Ta ɗaga.”

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, “To, ku gane mini.”

Yanzu ku kasa kunne, ga abin da misalin nan yake nufi.

Na daɗe ina koyarwa a ikkilisiya, ban taɓa ganin wanda ya tashi da safe ya ce, “Yau zan rabu da Ubangiji,” ba. Da haka ake yi da abin ya zo da sauƙi, gama kowa zai gani ya riƙe shi. Mugun, wato maƙiyin rayukanmu, yana aiki ne irin na gwanin nan, ba ya son zabura. Riɗi-riɗi yake matsar da mutum. Addu'ar safe da kake yi a durƙushe ta koma a zaune, ta koma a kwance, ta koma “Allah ya gani” kana ɗaura takalmi. Uwarka da kake zuwa gaisarwa kowane mako ta koma kowane wata, ta koma kiran waya, ta koma saƙon gaisuwa a bakin direba. Matar da kake kira da sunan da ku biyu kaɗai kuka sani, yau “ke” ce. A cikin dukan waɗannan babu ranar da za ka nuna ka ce ran nan ne na sauya.

Hoton jiya shi ne ma'aunin da yawancinmu muke riƙe da shi, ni da nake magana ban fita ba. Kana duban kanka ka ce, “Yadda nake jiya haka nake yau.” Gaskiya ka faɗa, ita ce kuwa take kashe ka, gama jiya ma a karkace take. Hoton farko shi ne Maganar Allah, da alkawarin da ka ɗauka ran da aka yi maka baftisma, da wanda ka ɗauka a gaban bagade kana riƙe da hannun 'yar mutane. Waɗannan ba su motsa ba. Muna ƙin buɗe su ne don mun san abin da za mu gani, sai mu ce ba ma so mu tayar da hankalin gida.

Reshen nan kuwa zuciyarka ce, in ka kafa ta a kan abin da ya fi sauƙi, kana sane. Mutumin nan ba jahilci ne ya ci shi ba, ya san icce. Kwana biyu ya yi wa ƙyashi.

Kowannenmu yana da baƙin tabo, wato wani sashe na halinsa da ba ya iya gani da kansa. Saboda haka ne Allah, cikin jinƙansa, yakan tsayar da wani a bayanka. Sau da yawa ba fasto ba ne, ba dattijon ikkilisiya ba ne, mai kawo maka kunu ce. Ita ce kuwa muka fi raina wa magana. Ku maza, da ku nake. Ku mata ma kada ku yi murmushi, na san waɗanda ƙawayensu na zumuntar mata suka gaya musu gaskiya sau ɗaya, suka daina gaisawa har yau. In mai gargaɗinka ya yi shiru, kada ka ce ka yi nasara. Ya gaji ne, ya bar ka da reshenka.

Ga sashen da ba na jin daɗin faɗa, amma ba zan ɓoye muku ba. Uban ya yafe, ya yafe da zuciya ɗaya. Haka Ubanmu na sama yake yafe wa duk wanda ya tuba, ko ya yi shekara arba'in a karkace, ya kuma ba shi dama ya sake. Amma gafara ba ta mayar da mako goma. Akwai waɗanda suke jiran gyaruwarka da ba su da lokaci irin naka: tsohuwar da take ƙirga motocin da suke tsayawa a bakin hanya, 'ya'yan da suke girma suna koyon fuskarka ta yanzu, matar da zuciyarta take rufewa daga gefe. Za ka iya gyaruwa sarai, mutane su yaba, a sa ka gaba a majami'a, wanda ya fi kowa marmarin ganin haka kuwa ya riga ya wuce inda zai gani.

Saboda haka kada ku bari sai wani mako. In kun koma gida yau, kafin a sauke tukunya, kowa ya sami wanda ya san shi tun farko, ya zauna a gabansa ya ce, “Gaya mini yadda nake a da.” In ya fara magana ka kama bakinka, ko ta yi ɗaci, ka ji har ƙarshe. Sa'an nan ka tashi ka tafi wurin mai jiranka tun yana iya gane fuskarka.